Yadda Ɗakin Inna Ya Shiga Wayar Mutane

Na san abin da ake faɗa a cikin dangi, har wanda ake jira in tashi kafin a faɗa. Ana cewa Mukhtar ne ya sa ɗakin Inna, mahaifiyata, cikin gem na waya, ya ɓata wa Gwaggonku Asabe rai a ƙarshen kwanakinta. Ya daɗe yana ɗauke da wannan magana, bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba, domin in ya wanke kansa ni zai shafa wa. Mukhtar ɗana ne, na san halinsa, yana da nasa laifuffukan kamar kowa, amma wannan ba ya cikinsu. Tun da sauran ƙarfi a hannuna, bari in rubuta muku yadda abin ya gudana, musamman ku ƙanana da ba ku san komai ba sai abin da kuka tsinta a bakin mata wajen biki.

Sai na fara da gidan. Inda shagunan nan suke jere yanzu, can bayan kasuwar Azare, nan gidan mahaifinmu yake. Gidan ƙasa ne mai babban zaure da durumi a ƙofa. In ka wuce zaure sai ɗan fili, sannan shigifa, wato soro na biyu wanda baƙo namiji ba ya wucewa, daga nan sai cikin gida. Ina sabon ma'aikaci a ofishin safiyo, ina koyon zanen taswira, wasu masu talabijin suka zo gari neman inda za su ɗauki wasan kwaikwayo na wani mai unguwa da ke sasanta rigingimun mutane a zaurensa. Namu ya yi musu. Mahaifinmu, Baba Alhaji, ya saurare su har suka gama, ya sa aka kawo musu fura, sannan ya ce:

"Zaure naku ne, gindin durumi naku ne, ku yi wasanku. Amma daga shigifa zuwa ciki, ko inuwar akwatin nan naku ban yarda ta wuce ba."

Haka kuwa aka yi. Saboda wannan sharaɗi ne matar mai unguwa ta zama murya kawai a cikin wasan. Takan tsaya a shigifa bayan asabari ta zazzaga wa mijinta faɗa, ba a taɓa ganin fuskarta ba, mutane kuwa suka ɗauka gwanintar masu wasan ce, ba su san taurin kan Baba ba ne. Wasan ya yi shekaru ana nunawa. An ɗauki wasu wurare a kasuwa, wasu a tsohuwar tasha, wasu a bakin kogi wajen Disina, amma kowace rigima a zaurenmu take ƙarewa. Bayan Baba ya rasu Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta har ita ma ta bi shi. Yaya Asabe, wadda ta girme ni da shekara bakwai kuma ita ta goye ni, ita ta baro gidan mijinta a Disina ta zo ta yi jinyarta har ƙarshe. Daga baya aka raba gado, aka rushe gidan. Mukhtar yana ƙarami sosai a lokacin, ba ya tuna komai na cikinsa.

Shekarar da nake son ba ku labari, na riga na yi ritaya. Duk wanda ya ce muku ritaya hutu ce, bai yi ba tukuna. Mutumin da ya saba fita da tef ɗin awo a aljihu, ana kiransa Malam Habu zo ka duba mana nan, sai ga shi daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai gardama da rediyo. Ana cikin haka Mukhtar ya zo daga Kano da abokan aikinsa biyu, ya ce sun sami izinin masu wasan nan za su mai da shi gem na waya. Ya yi mini bayani sau uku kafin na gane. Wai mai wasa shi ne ɗan aiken mai unguwa, yana tuƙa shi da yatsa cikin gari, a aike shi kasuwa, a aike shi tasha, ya kirawo wanda ake ƙara. Mataki mafi girma a gem ɗin shi ne garin gaba ɗaya, a buɗe, mutum ya bi duk lungun da ya ga dama. Matsalarsu ita ce tsofaffin kasakasan wasan ba sa nuna komai sai guntu-guntu, ga bango nan, ga rumfa can, ba su san me ya haɗa wannan da wancan ba.

"Baba," in ji shi, "kai ka san inda kowane lungu ya ɓulle. Mu na'ura muka iya, gari kai ka iya."

Ban ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi fiye da kima. Na zaro tsofaffin rula da fensirori daga ƙasan akwati. Mukan tsayar da kaset, in ƙirga azarar zaure, in ƙirga takun ɗan wasa daga bakin ƙofa zuwa durumi, in fitar da awo. Mukan ɗauki keke napep mu zagaya, in nuna musu inda rumfar masu goro take kafin a matsar da ita, da kwatar da take cika da damina har sai an naɗe wando. Mun yi ta faɗa da Mukhtar a kan nisa. Ni na zana komai daidai awonsa, shi kuma ya matse, har na wayi gari na ga kogin Disina yana gudu a bayan mahauta. Na ce masa wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ya yi dariya ya ce in aka bar nisan yadda Allah ya yi shi, mai wasa zai gaji ya ajiye waya tun bai fita gari ba. Na haƙura da wannan, amma ina ƙunƙuni. Watanni huɗu muka yi a haka, kuma tun da na bar aiki ban taɓa jin ina da amfani kamar lokacin ba.

Sai muka zo kan cikin gida. Abokan Mukhtar suka ce duk wanda ya kalli wasan yana yaro ya girma da son ya ga abin da ke bayan asabarin nan, don haka a buɗe, a ƙirƙiro wani cikin gida a sa. Suka ƙirƙiro, suka nuna mini. Na ga tsakar gida shafe da tayil, da wasu tagogi masu baka irin na hotunan ƙasar Larabawa, ga rijiya a manne da makewayi. Raina ya ɓaci. Na ce wannan ba gidanmu ba ne, ba ma gidan kowa ba ne a ƙasar Katagum, su ba ni mako biyu in zana musu na gaskiya. A nan ne Mukhtar ya yi maganar da nake so ku riƙe, domin shi ba zai faɗa muku ba. Ya jira abokansa suka fita, ya rage murya ya ce:

"Baba, anya kuwa? Na ƙirƙira ba na kowa ba ne, ba wanda zai ji ciwo. In na gaskiya za a sa, ko a fara jin ta bakin Gwaggo?"

"Gidan ubana ne," na ce masa, "kuma ni ne babban namiji. Gidan ma da babu shi, me ya rage a ɓoye?"

Ya tashi ya bi abokansa. Ni kuma na duƙufa. Na zana shigifa da ɗan dakalinta, na zana rijiya da gugan da ke rataye, murhu, turmi, rumbun gero, igiyar shanya. Na shiga ɗakin Inna na zana gadon ƙarfenta mai rumfa, da randar ruwanta, da jeren ƙorenta. Kun san Inna Bafulatana ce daga rugar wajen Sakwa, har ta rasu ba ta yarda kwanon sha ya fi ƙwarya daraja ba. Na zana adakar da take turawa ƙarƙashin gado. Kuma da yake hannu ya saba da aikin ofis, kowane wuri na rubuta sunansa a kai, ɗakinta na rubuta Ɗakin Inna, su kuma suka kwashe yadda na rubuta suka sa. Da suka tsaya shawarar inda za a ɓoye hatimin mai unguwa don mai wasa ya nema, ni da bakina na ce a sa cikin adakar, domin nan Inna ke ajiye duk abin da ba ta son ya ɓata. Ranar da aka gama, Mukhtar ya miƙo mini waya, na tura ɗan aiken nan ya wuce asabari, na ga hasken rana ya faɗo ta ƙofa a kan daɓen ɗakin kamar yadda yake yi da hantsi. Na yi hawaye a gaban yara. A lokacin ina ganin na dawo da abin da ya ɓace ne, ban ga komai ba bayan wannan.

Gem ya fita, ya karɓu. Makonni kaɗan bayan haka ina zaune wajen wanzami, wasu 'yan acaɓa suna jiran layi, kowa kansa a kan waya. Sai na ji ɗaya yana koya wa ɗan'uwansa:

"Kai, ba nan ba ne. Ka kutsa ɗakin Inna kawai, ka haye gadon, ka dira ta ɗaya gefen ka jawo adakar. Ya fi sauri."

Na leƙa wayarsa. Ɗan aiken yana gudu, ya banke asabari, ya tsallake turmi, ya faɗa ɗakin da takalminsa, ya take gadon. Duk watannin da muka yi muna aiki, ban taɓa lura cewa ba a yi shi yana cire takalmi ba, ba a yi shi yana sallama ba. Na zabura, wanzami yana tambayata ko ya yanke ni ne, na ce a'a. Amma ko a nan ban yi abin da ya kamata ba. Na ce a raina ai Disina da nisa, Yaya kuma ba ta san waya ba sai amsa kira.

Ba a yi kwana goma ba ta zo. Wajen wani suna aka nuna mata. Ta shigo mota ita kaɗai, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda ciwon ƙafa. Aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo ruwa, ba ta taɓa ba. Bayan mun gaisa ta dube ni ta ce:

"Habu, gadon nan da na gani, wanne ne?"

"Na Inna ne, Yaya."

"Wanda ta cika a kansa. Wanda na juya ta a kai wata bakwai."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Talabijin da girmansa, Baba ya tsayar da shi a shigifa. Kai kuma ka ɗebo duniya ka kai ta har ƙuryar ɗaki."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta miƙe, uwarku tana roƙonta ta tsaya a sauke abinci, ta ce ta gode. Daga ranar in na kira takan amsa gaisuwa ta ce sai an jima. Busasshen kifin da take aiko mini kowace shekara bai zo ba. Magana ta bazu cikin dangi, kuma da yake kowa ya san Mukhtar ne mai gem, kansa aka ɗora. A wani ɗaurin aure ina zaune wani ɗan'uwanmu ya tsare shi a gaban mutane yana cewa boko ya cire masa kunya, ya sayar da mutuncin kakarsa. Mukhtar ya dube ni sau ɗaya. Na kawar da kai ina gyara hula. Cikin duk abin da na yi a shekarar, wannan gyaran hular ya fi ci mini rai, kuma Mukhtar, a nan nake neman gafararka a gaban ƙannenka.

Maimakon in je Disina in zauna a gabanta, Kano na tafi. Na ce wa Mukhtar a toshe cikin gidan, a goge shi. Ya ce toshewa mai yiwuwa ce, duk wayar da ta hau intanet gem ɗin zai sabunta kansa, ƙofar ta rufe. Amma gogewa fa, aikin mutane ne na watanni, kuma kusan rabin aike-aiken matakin a cikin gidan suke ƙarewa.

"Mu rufe wa jama'a, Baba, mu ajiye guda ɗaya a wurinmu. Ba a san gaba ba."

Na ce ko ƙyallinsa ban yarda ya rage ba, kuma ba zan tashi ba sai an goge a gabana. Na haɗa shi da girman haihuwa, abin da uba bai kamata ya yi wasa da shi ba. Ya goge. Abokansa ba su yafe masa ba, kafin shekara ta zagayo sun raba gari, ya bar aikin da ya fi so ya koma gyaran kwamfutocin mutane. Ni kuwa na dawo Azare na tattara zanena, takarda goma sha wani abu, na cinna musu wuta a tsakar gida, uwarku tana kallona. Ban gaya wa Yaya komai ba. So nake in kai mata abin a gama, ta ga ƙanenta ya gyara ɓarnarsa ba tare da an sa shi ba.

Bayan an yi girbi na tafi Disina da wannan albishir. Na tarar jikinta ya yi tsanani, tana kwance. 'Yarta Rabi, wadda ke jinyarta, ta tare ni tun a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce da wata magana.

"Kawu, ku kuka rufe ɗakin nan?"

Na ce ni ne, ina jiran godiya.

"Ai kullum bayan la'asar sai ta ce in kawo waya in kai ta gida. Takan ce in bi a hankali, kada in yi gudu. In mun zo bakin ƙofar sai ta yi sallama, in shiga in tsaya, ta yi ta kallo. Wani lokaci ta ba ni labari, wani lokaci ta yi shiru har batir ya mutu. Rannan muka zo sai bango. Ta ce in sake gwadawa, na gwada ya fi sau goma. Tun ranar ba ta ƙara tambayar waya ba."

Na wuce ɗakin da take kwance. Yaya ta rame, amma idon nan nata da ke sa ni faɗin gaskiya tun ina yaro yana nan. Ta bari na gama gaisuwa da ya jiki, sannan ta ce:

"Wa ya ce ka toshe?"

"Yaya, ai ke kika..."

"Me na ce? Maimaita mini."

Na nemi inda ta ce a toshe cikin maganarta ta ranar, ban samu ba.

"Ranar da ka buɗe ba ka tambaye ni ba. Ranar da ka toshe ma ba ka tambaye ni ba. Ni na share ɗakin nan tun ban kai tsayin tsintsiya ba, amma ban isa a ce Yaya, yaya za a yi ba. Da ka zo, da na ce a hana mutanen waje, a bar mana. To ka je ka ce wa Mukhtar ya buɗe mini ni kaɗai."

Dole na gaya mata cewa babu. Na gaya mata gogewar, na gaya mata wutar. Ta dubi rufin ɗaki ta ce:

"Kai dai Habu, tun kana yaro in ka tsaga ƙwarya sai ka ƙarasa fasa ta don kada a ga tsagar." Ta numfasa. "Randar ma ba inda ka sa ta take ba. Hagu take, bayan ƙofa."

Na ce zan sake zanawa, Mukhtar ya sake ginawa, nata ita kaɗai. Ta ce to, amma wannan karon ita za ta faɗa, ni in zana. Ban zo da takarda ba, Rabi ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, na juya bayanta, na ɗora a kan faifai. Muka fara daga shigifa. Muka yi rijiya, muka yi murhu, muka yi gardama a kan taku nawa ne daga turmi zuwa rumbu, ni na ce bakwai ta ce tara, ta ce ai ni da gudu nake wucewa in an aike ni shi ya sa. Har dariya ta yi, wadda na fi shekara ban ji ba. Da muka iso ƙofar ɗakin Inna numfashinta ya fara sarƙewa. Na ja layin bango huɗu, na bar ƙofa, na ɗaga fensir ina jira.

"Tsaya nan," in ji ta. "Cikin sai na huta, kada ka sa mini komai da ka. Ka dawo ran Juma'a."

Ranar Laraba da hantsi Rabi ta kira ni, ta ce Yaya ta cika.

Kalandar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin takardun ritaya, duk wanda ya so ya gani ya zo in nuna masa. Za ku ga tsakar gida cike da rubutu da gyare-gyare, sannan ɗaki ɗaya fari fat. Mukhtar ya ce mini sau biyu in na ƙarasa zai gina, ko don jikoki su ga inda suka fito. Ba mantuwa ce ta hana ni ba. Na san inda gadon yake, na san ƙwarya nawa ce a jere, yanzu har inda randa take na sani, ido rufe zan iya zana shi cikin rabin awa. Sau da yawa na fere fensir na zauna. Amma ta ce in jira ta, kuma ban da ita babu sauran wanda zan tambaya.